Kullen korona: mu da baƙinmu

Issaka Tela, Nima:
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya ina kwashe tarkacen ƙarƙashin teburin yanka sai na ci karo da wata leda cike da takunkumin hanci, ragowar waɗanda muka ɗinka a 2020. Duk guntayen atamfar yayin biki ne da mata suka bari a shago. Da dare na kai wa 'yan bes ɗinmu, wato majalisar da muke hira, don a yi dariya, sai dariya ta koma gardama har ataya ta huce. Wani cikinmu, ba zan kama suna ba, ya ce wai lokacin korona 'yan gudun hijira sun fi mu morewa, su Majalisar Ɗinkin Duniya ke ciyar da su, mu kuwa sai ta Allah. Maganar ta tsaya mini a rai, don rabin takunkuman nan Abdu ne ya ɗinka su, ɗan gudun hijira daga Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, da muke aiki tare, kuma na san abin da idona ya gani. Shi ya sa na kawo ta nan, tunda akwai waɗanda suka fi ni sani. Abdun ma yana cikin gidan nan, in ya ga dama ya faɗa da bakinsa.

Mumuni Direba:
Ba sai ka sakaya ba Issaka, ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Daga 30 ga Maris da aka kulle Accra, motata mako uku tana shan rana a bakin gota. Da aka buɗe kuma aka ce kujerar mutum uku ta koma ta biyu, alhali mai mota ko pesewa bai rage daga kuɗinsa na yini ba. Wa ya rubuta sunana? Wane ofis nake da shi? Su suna da ofis, suna da fararen motoci masu tambari, suna da masu yi musu magana har ƙasar Turawa. Ban ce ba su sha wuya ba. Cewa na yi mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Abdu Bangi:
Wa alaikumus salam. Tunda maigida ya kira sunana dole in amsa. Yaya Mumuni, wannan uwar da kake hangowa a gindin murhu, ni dai tunda na zo ban ga ko hayaƙinta ba.

Na bar Bangi farkon 2014, bayan kashe-kashen da aka yi cikin Disamban 2013, lokacin da unguwarmu ta Kilomita Biyar ta zama kamar kurkuku. Na bi ta Garwa-Bulai na shiga Kamaru, daga nan Najeriya, Benin, Togo, na shigo Ghana ta bodar Aflao. Takardar da nake riƙe da ita cewa ta yi kada a mayar da ni inda na fito. Iyakarta ke nan. Ba ta biyan haya, ba ta sayen gari. Wanda ya zaɓi zaman cikin birni, guminsa zai ci kamar kowa.

Gidan da nake haya ɗaki 14 ne, ba famfo, ba bayan gida. An ce ruwa kyauta ne Afrilu, Mayu da Yuni, to mai tankin da muke ɗiba wurinsa yau ya bayar kyauta, gobe ya ce famfo bai zo ba, wannan na mota ne, sai an biya. A nan ni da maƙwabtana 'yan ƙasa ba mu da bambanci, tare muke layi da jarkokinmu. Inda muka rabu shi ne takarda. Tawa ta ƙare cikin Afrilu, ana tsakiyar kulle, ko'ina a rufe.

Doka ta yarda mutum ya fita sayen abinci ko magani, ko zuwa bayan gida na kuɗi. Wata safiya na fito da buta, wani mai kaki ya tsare mu mu uku a bakin lungu. Na farko ya yi masa Twi, suka yi dariya, ya wuce. Na biyu ya nuna masa ƙofar gidansu da yatsa, ya wuce. Ni da na buɗe baki Turancina ya fito da warin Faransanci. Ya ce kati. Ni ko bayan gida zan je da takardata nake tafiya, a naɗe cikin leda a aljihun ciki. Ya karɓa, ya duba kwanan wata, ya dube ni. Bai taɓa ni ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Tsuguno ya sa ni a gefen gota wajen awa guda, buta a gabana, yara na leƙe ta taga. Daga ranar kafin asuba nake fita in dawo, da rana kuma in rage cin abinci don kada cikina ya matsa mini.

Mumuni Direba:
Allah ya ba ka haƙuri Abdu. Amma tsuguno ai alfarma aka yi maka. Ba ka ga bidiyon da aka riƙa yawo da su ba? 'Yan ƙasa masu katin zaɓe aka sa tsallen kwaɗo a kan titi.

Abdu Bangi:
Na gani. Sai dai wanda aka sa tsallen kwaɗo cinyarsa kawai yake tunani. Ni ina tsugune ina lissafin in aka ɗora ni a mota, wa zai gaya wa matata inda aka kai ni.

Rukaya, Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Yaya Mumuni, bari in ba ka misali da kayaye, mata 'yan dako a kasuwa, don su ne na sani. Ranar da aka soma kulle an tare babbar motar kaya a Ejisu, aka ɗaga tamfol aka tarar da mata da goyonsu a ciki, za su Walewale a arewa. Kowa ya ga hoton, kowa ya ji tausayi. Nan Aboabo da Asawase ɗakunansu suka zama wayam cikin kwana biyu. Amma ka lura, duk wahalar da suka sha, gida suka nufa. Sun san in sun isa akwai tuwon dawa, akwai uwa, akwai ɗakin da ba a biyan haya. Kai ma da abin ya yi tsanani za ka iya tura iyali wajen dangi. Shi Abdu wace motar kaya zai shiga, ta kai shi ina?

Malama Sadiya, Madina:
Bari in ɗan gyara wani abu, don na ga ana haɗa kowa a kwando ɗaya. Ba kowane baƙo ne ɗan gudun hijira a idon doka ba. Ghana tana da dokarta tun 1992, ita ta kafa hukumar da ke tantance masu neman mafaka, tana aiki tare da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarar korona waɗanda ke cikin rajista wajen 13,000 ne a duk faɗin ƙasar, kuma mafi yawansu 'yan Kodebuwa ne da suka tsere wa rikicin zaɓe a 2011, sai 'yan Togo. Sansanoni huɗu ne lokacin: Krisan da Ampain a yamma wajen Nzema, Egyeikrom a yankin tsakiya, Fetentaa kusa da Berekum. Ko ɗaya ba ya cikin yankin da aka kulle, don kullen Accra, Tema, Kasoa da Kumasi ya shafa. Amma kada a ɗauka sun tsira. Rabon abinci na wata-wata a sansanonin 'yan Kodebuwa an daina shi shekaru kafin cutar ta zo, mutane da ƙwadago suke rayuwa, gona, kamun kifi, kitso, ɗan saye da sayarwa a hanyar Elubo, bodar Kodebuwa. Da aka rufe boda hanyar ta mutu, cinikin ya mutu da ita.

Ta ɓangarena kuma, makaranta. An rufe 16 ga Maris, yawancin yara ba su koma aji ba sai Janairun 2021. An buɗe tashar darasi a talabijin, madalla. Yaron da a gidansu ake Turanci ko akwai yayan da zai duba masa, ya ɗan tsira. Ina da ɗaliba da iyayenta Faransanci da Larabci kawai suke ji, a aji kaɗai take jin Turanci. Wata goma ba ta ji shi ba. Da ta dawo sai da muka koma kusan farko, ga ta da ƙoƙari.

Nasiru Fadama:
Ni fa a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Ba a manta da baƙin nan 10 da aka samu da cutar a Tamale ƙarshen Maris ba, yawancinsu 'yan Gini. In mutane sun ji tsoron baƙo ba laifinsu ba ne. Rufe boda daidai ne, da ma tun da wuri aka rufe.

Anti Zuleiha:
Nasiru ƙanena, tunda gaskiya kake so, mutum biyun farko da aka tabbatar ranar 12 ga Maris ta jirgin sama suka sauka, ɗaya daga Norway ɗaya daga Turkiyya. Ba da buta suka shigo ta daji ba.

Amma ni ba zan zagi dokar ba, don ina aikin asibiti lokacin. Muna kallon abin da ke faruwa a Italiya, muna kallon gadajen da muke da su, gabanmu na faɗuwa. Samfur daga ko'ina sai an kai ɗakin gwaji na Noguchi a Accra ko na KCCR a Kumasi, a jira kwanaki. In cutar ta shiga gida irin na su Abdu mai ɗaki 14 yadda ta shiga gidajen tsofaffi a Turai, da wa zai wanke wa? Wanke hannu, takunkumi, rage cunkoso, duk suna da dalili, kuma bokitin Veronica, mai famfo na wanke hannu, da kowa ya ajiye a ƙofa abin alfaharinmu ne, 'yar ƙasar nan Veronica Bekoe ce ta ƙirƙiro shi tun kafin korona.

Abin da ya dame ni shi ne wanda aka zana dokar a jikinsa. An ɗinka riga ne da awon mutum mai ɗaki nasa, mai famfo, mai firji, mai albashi. Ka ce wa mutum ya killace kansa kwana 14, alhali su shida ne a ɗaki ɗaya da labule a tsakiya. Na yi aikin bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. In muka shiga lungu da fom, ɗan gari zai yi mana tsiya amma zai ba da lamba. Baƙo kuwa da ya hango biro da takarda sai ya sulale ta ƙofar baya. Akwai wanda na bi kwana uku, ashe yana ɗaki yana jina, tari yake dannewa da filo. Da na same shi abin da ya fara tambayata ba maganar ciwo ba ce, cewa ya yi in an same shi da ita za a kore shi daga ƙasar? Ba wanda ya taɓa faɗin haka, amma kuma ba wanda ya zo ya gaya masa da harshen da yake ji cewa ba haka ba ne. Jawabin shugaban ƙasa na daren Lahadi da Turanci ne, a fassara da Twi, Ga, Ewe, Dagbani, Hausa. Wanda Faransanci ko Larabcin Sudan kawai yake ji, sai abin da WhatsApp ya kawo masa.

Abdu Bangi:
Anti ta taɓo wurin. Makon da labarin Tamale ya fito, wata maƙwabciyata da muke gaisawa shekara huɗu ta janye bokitinta daga kusa da nawa a layin ruwa. Ba ta ce komai ba. Ni kuwa rabona da ƙetare boda tun 2014.

Mma Fuseina Mai Koko:
Ni ban iya dogon rubutu ba, 'yata ke taya ni. Ni 'yar Sokode ce, a ƙasar Togo. Na fito ƙarshen 2017, bayan an kama limami gari ya rikice, sojoji gida-gida. Ban taɓa zuwa ofis na rubuta suna ba, wajen 'yar'uwata na sauka a Maamobi na kama koko da ƙosai. To Malama, ni a wane kwando nake? Yarana biyu ƙanana na bar su wajen tsohuwata, da niyyar in na kama ɗaki in ɗauko su. Na kama ɗaki a Fabrairun 2020, na biya kuɗin shekara biyu, susu, wato adashi, na wata goma sha takwas na zuba a ciki. Na sayi katifa. Na ce hutun Ista za a kawo su. Ranar 22 ga Maris aka rufe boda, Togo ma ta rufe tata.

Ku kuna cewa mako uku. Mako uku naku ne. Ni kullena shekara biyu ne, sai 28 ga Maris 2022 aka buɗe ta ƙasa. Tsohuwata ta rasu a tsakani, ta waya na ji ana yi mata salla. Yaran wata maƙwabciya ta riƙe. Daga baya na gaji, na biya ɗan okada ya bi da su ta hanyar daji wajen Aflao. Kuɗin da na kashe ya ninka na mota sau da yawa, kuma daren nan ban runtsa ba, don in wani abu ya same su ba ni da bakin kai ƙara ko'ina. Ƙaramin da ya iso bai gane ni ba, Anti yake ce mini.

Alhaji Garba Mai Albasa:
Allah ya jiƙan tsohuwa, Fuseina. Abin da ta faɗa haka yake. Mu lokacin muna kasuwar Agbogbloshie, kafin a mayar da mu Adjen Kotoku. Rufe bodar bai shafi kaya ba. Tirela za ta taso daga Galmi cike da albasa, ta ratsa Burkina, ta shigo ta sauke lafiya lau. Buhu yana da izinin wucewa, ɗan Adam ba shi da shi. Sannan 1 ga Satumba 2020 aka buɗe filin jirgin sama na Kotoka, mai dala 150 na gwaji ya sauka ya shige gari. Wato wanda ya iso ta sama da kuɗi ba ya ɗauke da cuta, sai mai zuwa a ƙasa. Wannan lissafin har yau ban gane shi ba.

Anti Zuleiha:
Alhaji, dalilin da aka bayar shi ne a filin jirgi ƙofa ɗaya ce, ana iya gwada kowa, Aflao kuwa dubbai ke ƙetarawa a yini da ƙafa. Dalili ne. Sai dai abin da ya haifar shi ne mutane suka koma hanyar daji, inda ko zafin jiki ba mai aunawa.

Malam Haruna, Sabon Zango:
Assalamu alaikum. Akwai ƙofar da aka rufe wadda ban ji kowa ya ambata ba, kuma a ganina ita ta fi taɓa baƙo: masallaci. Ku da aka haifa a nan, masallaci wurin salla ne. Baƙo kuwa shi ne masaukinsa na farko. Nan yake ajiye jakarsa, nan yake kwana kafin ya sami ɗaki, nan ake cewa bayan sallar Isha'i ga wani bawan Allah a taimaka, nan yake jin ana neman mai gadi ko mai dako. Daga 16 ga Maris zuwa Juma'ar 5 ga Yuni ƙofa a garƙame. Babban Limami Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya ce a bi doka a yi salla a gida, muka bi, kuma daidai ne. Amma a masallacinmu mutum biyar ke kwana a baranda lokacin. Ina gidan da za su yi sallar?

Azumi kuma ya faɗo ciki gaba ɗaya, har Idi ranar 24 ga Mayu. Duk shekara da Magariba tabarma ake shimfiɗawa, koko, ƙosai, dabino, shinkafa, wanda ya zo ya zauna, ba a tambayarsa daga ina. Mutum yana ci da mutuncinsa don kowa na ci. A shekarar nan sai dai mu ƙulla a leda mu bi ɗakuna, kuma wanda muka sani kaɗai muke kai wa. Ga suna babu, aure babu, addu'ar mamaci an ƙayyade mutum 25. Waɗannan tarukan su ne tukunyar marar gata a zango, ko ba mu faɗa ba.

Da aka buɗe kuma aka ce kada a wuce mutum 100, kada a wuce awa guda, kowa ya rubuta suna da lambar waya a ƙofa. Ni ke riƙe da littafin. Na ga waɗanda suka zo har bakin ƙofa da dardumarsu, suka ga littafi, suka juya.

Yakubu, Kasoa:
Wani abokina ɗan Darfur, shekara da shekaru yana jiran a kai shi wata ƙasa. An gama tambayoyi, an yi gwajin lafiya, ya sayar da firji da katifa, ya sallami ɗaki, saura a ba shi rana. Tsakiyar Maris 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta dakatar da irin wannan tafiya a duniya baki ɗaya. An dawo da ita cikin Yuni, amma gwajin lafiya yana da wa'adi, nasa ya ƙare, sai sabon layi. A 2019 sama da mutum 63,000 UNHCR ta tura ƙasashe na uku, a 2020 ba su kai 23,000 ba. A falona ya kwana wata bakwai. Mumuni, ga mai uwa a gindin murhu nan.

Baba Tanko:
Jikana ne ke rubuta mini. Na saurari duk abin da kuka ce. Nasiru, kakanka daga ina ya zo? Kalmar zango ma me take nufi in ba inda ayari ke sauka ba? Ina ɗan shekara 12 aka yi dokar Firaminista Busia, 18 ga Nuwamba 1969, aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin mako biyu. Na ga mutanen da aka haifa a Nima suna sayar da keken ɗinki kuɗin kwano. Maƙwabcinmu ya bar akuyarsa a ɗaure, ya ce wa babana in ya dawo ya karɓa. Har ta haihu, jikokinta suka haihu, bai dawo ba. Babana ya yi wata biyu ba ya fita sai dare, don ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Da yaron nan Abdu ya ce kafin asuba yake fita, babana na gani. Ba ni da abin ƙarawa.

Nasiru Fadama:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban yi nufin cin mutuncin kowa ba. Amma dai har yanzu ina ganin ƙasa tana da haƙƙin rufe ƙofarta in annoba ta zo.

Malama Sadiya, Madina:
Tana da shi Nasiru, ba wanda ya musa. Tambayar ita ce wanda ya zo ƙofar yana gudun mutuwa, a gwada shi a killace shi, ko a ce ya koma? Ana iya yin na farkon ba tare da an buɗe wa kowa ba.

Mumuni Direba:
To na ji, maganar morewa na janye ta, Baba ya yi magana. Amma ku ma ku ji tawa. Yunwa ba ta duba kati. Ranar da aka kawo dafaffen abinci unguwarmu, turereniyar da aka yi ta fi ta tashar Circle, duk tazarar da ake wa'azi ta tashi a banza, na koma gida hannu wofi. Bayan kwana biyu na ga an shigo lungunmu da shinkafa da mai da sabulu, ana duba takarda ana kiran suna, gida ɗaya aka shiga aka tsallake tara, wai na baƙi ne. Ɗakin da ke jikin nasu wata gwauruwa ce da marayu huɗu. Ku gaya mini me za ta ji a ranta? Irin wannan rabon shi ke haifar da maganar da na yi a bes.

Abdu Bangi:
Wannan gaskiya ce, kuma ni ma sau ɗaya na sami irin wannan kayan. Kunya ta hana ni shiga da shi da rana. Matata ta raba shinkafar gida huɗu, har da mai bokitin nan. Ba don mun fi kowa kirki ba, don mun san kayan zai ƙare cikin mako guda, maƙwabta kuwa suna nan. Kuma wanda ya riƙe ni a watannin nan ba ofis ba ne. Ƙanena da ke turo mini ɗan abu daga Faransa a gidan abinci yake aiki, su ma an kulle su tun 17 ga Maris, MoMo ɗina, asusun kuɗi na waya, ya yi shiru. Maigida Issaka ne ya ɗauko keke ɗaya daga shago ya kawo mini ɗaki a kan kai, ya ce mu gwada takunkumi. Da aka ce rashin sa shi laifi ne mai tarar sidi 12,000 zuwa sama, ko ɗaurin shekara 4, sai ga layi a ƙofa. Dokar da ta hana ni fita, 'yar'uwarta ce ta ciyar da ni.

Issaka Tela, Nima:
Kada ka ba ni girman da ba nawa ba, ni ma hannu nake nema. Kai ka fi ni sauri a kan roba.

Malam Haruna, Sabon Zango:
Shawarata, tunda annoba ba ta sallama, kowane masallaci ya riƙe sunayen masu rauni na unguwarsa tun yanzu, baƙo da ɗan gari a littafi ɗaya. In abu ya taso mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, kuma maganar Mumuni ta tsallake gida tara ba za ta sake faruwa ba.

Mma Fuseina Mai Koko:
Malam, a gafarce ni, ni dai kada a rubuta ni. Ku san fuskata ya isa. Littafi yau yana hannunku, gobe ba mu san hannun wa zai faɗa ba.

Malam Haruna, Sabon Zango:
To in ba a rubuta ba, ranar da na kwanta ciwo wa zai san da ke?

Mma Fuseina Mai Koko:
Duk wanda ya sha kokona ya san da ni.

Anti Zuleiha:
Wannan gardamar mun yi ta a teburin allura. Rigakafin ya sauka 24 ga Fabrairu 2021, guda 600,000, Ghana ce ƙasar farko da COVAX, shirin raba rigakafin na duniya, ta kawo wa. A teburinmu duk takardar da mutum ya miƙo muna karɓa, wanda ba shi da ita mu rubuta sunan da ya faɗa. Duk da haka sai da muka sa limamai da shugabannin mata suka tsaya a gefenmu kafin wasu su matso.

Abdu Bangi:
Ni ban jira an kira ni ba. Katin allurar nan har yau yana cikin ledar da nake naɗe takardata. Shi ne kati na farko da aka ba ni a ƙasar nan iri ɗaya sak da na Yaya Mumuni, ba a rubuta komai a kansa game da inda na fito ba.

Mumuni Direba:
Nawa ma ban san inda yake ba. Issaka, takunkuman nan guda nawa suka rage? Hunturu ya kusa, ƙurar hanyar Madina tana kashe ni da yaron motata.

Issaka Tela, Nima:
Sun fi 60. Ka biyo shago bayan La'asar, amma da Abdu za ka yi ciniki, nasa ne.

Abdu Bangi:
Sidi biyu-biyu ne Yaya, farashin 2020. Ka zo da canji.